Na rantse da Alƙur'ani zan zaɓe shi ciyaman, yanzu zuciyata ta ƙi

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni tela ne, ina da mata biyu, mahaifiyata ma tana hannuna. Zaɓen ciyaman na ƙaramar hukumarmu ya matso. Wakilin wani ɗan takara ya same ni a shago da daddare, ya ba ni naira 30,000 da ƙaramin buhun shinkafa, ya sa na dafa Alƙur'ani na rantse cewa ni da mutanen gidana shi za mu zaɓa, ya kuma ce in tattaro masa katunansu. Malam, na san mutumin nan. Yana kansila aka yanka filin makarantar firamaren unguwarmu aka sayar, a kan idonmu, da sa hannunsa. Abokaina sun ce kuɗinmu ne, in ci in zaɓi wanda nake so. Wakilin kuma ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mene ne hukuncina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwana, rashin natsuwar nan da ta sa ka rubuto alama ce ta imani, Allah ya ƙara mana shi.

Cewa ƙuri'a shaida ce, kuma ana ba da jagoranci ga mai ƙarfi amintacce, wannan kai ma ka sani. Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka shi ne inda ka ce "a kan idonmu". Da "an ce" ka rubuta, da na ce ka je ka bincika tukuna, domin lokacin zaɓe babu ƙazafin da ba a yi wa mutum. Tunda kai ka gani, dangwala masa ƙuri'a shaidar zur ce a kanka, ko da a kan maƙwabcinka wanda bai sani ba babu laifi.

Rantsuwar ta ƙullu, rantsuwa da Alƙur'ani rantsuwa ce. Amma ba ta halatta maka abin da yake haram. A hadisin Abdurrahman bin Samura da ke Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya fara da hana shi neman shugabanci, sannan ya ce masa idan ya yi rantsuwa a kan abu ya ga waninsa ya fi alheri, to ya yi kaffara ya aikata wanda ya fi alherin. Saboda haka ka warware ta, ka yi kaffara: ciyar da miskinai goma, kowanne mudu guda irin na Annabi daga abin da gidanka ke ci, ko ka tufatar da su. Mutane da yawa azumin kwana uku suke fara ruga wa, alhali aya ta 89 a suratul Ma'ida ta ajiye azumi ga wanda ya rasa halin ciyarwa da tufatarwa. Kai tela ne, ɗinka wa mutum goma ba zai gagare ka ba. Kada dai ka yi kaffarar da shinkafar nan.

Sai maganar abokanka. Ba su suka ƙirƙiro ta ba, an ji ta har a bakin wasu masu wa'azi, kuma na san tausayin talaka ne ya kai su ga faɗinta. Duk da haka ban yarda da ita ba.

Wa ya tabbatar maka daga baitulmali kuɗin ya fito? Wani ɗan takarar gonar gado ya sayar, wani bashi ya ciwo a wurin ubangidansa na siyasa, wanda zai fanshe ninkin-ba-ninki ranar da aka zauna a kujera. A ce ma mun tabbatar na sata ne. To dukiyar mutanen ƙaramar hukumar ce gaba ɗaya, har da jariri da maraya da tsohuwar da ba ta taɓa yin katin zaɓe ba. Wane ne ya raba ya ce kasonka 30,000 ne, ya kuma wakilta ɓarawon ya kawo maka shago da daddare? An ba ka ne saboda kana da ƙuri'u huɗu a gida, wanda ba shi da ko ɗaya an tsallake ƙofarsa.

Sannan ka duba yadda ake karɓar. Babu mai miƙa maka kuɗi sai ka ce "na yi alkawari", ko ka dafa Alƙur'ani kamar yadda aka sa ka. Mai fatawar "ci ka zaɓi ra'ayinka" yana koya wa Musulmi ya yi alkawari da niyyar saɓawa tun kafin ya buɗe baki, kuma kowa ya san alamomin wa aka lissafa wannan a ciki. Wasu suna kafa hujja da sassaucin da malamai suka yi a kan rashawa ga wanda aka danne wa haƙƙi. Wannan sassauci na mai bayarwa ne da aka tilasta, babu wanda ya shimfiɗa shi ga mai karɓa. Idan kuwa mutum ya cika alkawarin, ya faɗa cikin mutum ukun da Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama, waɗanda ɗayansu ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika, in an hana shi ya juya baya.

Kuma me fatawar ta haifar? 'Yan siyasa sun ji ta su ma, shi ya sa suka koma rantsarwa da karɓe katuna da cewa sai an nuna takardar ƙuri'ar da aka dangwala kafin a biya. Malamin makaranta mai gaskiya wanda ba shi da buhunan rabawa ba ya ma tunanin tsayawa takara.

Ban haɗa ka da matar da mijinta ya rasu ya bar mata yara, aka miƙa mata taliya a taro ba tare da sharaɗi ba. Hukuncin yunwa daban ne. Kai kana da keken ɗinki da abokan ciniki.

Ka mayar da kuɗin, tunda ba a riga an yi zaɓen ba, shinkafar kuma in an taɓa ta ka cika. Ka je da dattijo guda ya zama shaida, ba tare da zagi ko tonon asiri a majalisa ba. Idan kana da ƙwaƙƙwaran tsoron a turo maka 'yan daba, ka zuba shi a abin amfanin jama'a, kamar gyaran famfon unguwa ko bencin makarantar da aka cinye wa fili, kada ka ƙirga shi a cikin sadakarka.

Katunan iyalinka kuwa, kada ka miƙa ko ɗaya. Doka ta hana, shari'a ma ta hana. Biyayyar aure ba ta kai ga shaida ba, kowace daga cikin matanka ita za a tambaya a kan tata, balle mahaifiyarka da kai ne ke ƙarƙashin umarninta. Ka gaya musu abin da ka gani game da filin, ka bar su da zaɓinsu.

Na san wani zai ce maka sakamakon a rubuce yake. Akwai dalilin faɗin haka: a zaɓukan Oktoban 2024 jam'iyyar da ke mulki a Kano a lokacin ta lashe kujeru 44 duka, ta Kaduna ma ta kwashe 23 ɗinta, kuma hukumomin zaɓe na jihohi ne ke shirya waɗannan zaɓuka. Wannan alhakin yana kan masu hannu a ciki, kai abin da yatsanka ya dangwala za a tambaye ka. Kada kuma ka raina kujerar. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, duk da jan ƙafar da aka yi wajen aiwatarwa. Kasuwarku da tashar mota da maƙabarta da ɗakin shan magani duk suna da alaƙa da ofishin nan.

Ka binciki sauran 'yan takarar da irin idon da ka kalli wannan, har da masu neman kansila. In duk suna da aibi, ka zaɓi wanda cutarwarsa ta fi sauƙi, bayan ka yi istihara. Wallahu a'alam.