Ya Ce Zai Zo Ya Karɓa Da Kansa: Amsoshin Tambayoyinku Kan Sayar Da Kaya Ta Intanet

Saƙonnin wannan makon sun taru a kan magana ɗaya. Mutum ya saka kayansa a Jiji, ko Facebook, ko sitatus ɗin WhatsApp, sai wanda bai taɓa gani ba ya ce yana so, zai zo a yi ciniki hannu da hannu. Na zaɓi guda uku.

Tambaya: Ni matar aure ce a Kaduna. Za mu tashi daga gidan da muke haya, shi ne na saka firij da kujeru a kasuwa. Wani ya taya, mun daidaita, yanzu yana neman kwatancen gida. Maigidana yana aiki a wani gari, ni da yara ne kawai. In ba shi?

'Yar'uwa, kada ki ba shi tukuna. Firij ba abin da za ki saɓa ki kai bakin titi ba ne, dole a zo inda yake, amma ke ce za ki tsara yadda zuwan zai kasance, ba mai saye ba.

Ki ba shi kwatancen wani wuri sananne kusa da ku, kamar masallacin Juma'a ko gidan mai. Ƙaninki ko wani namiji daga dangin maigidan ya tarbe shi a can, ya ga fuskarsa da waɗanda ya zo da su, sannan ya kawo shi. Kafin nan an riga an fito da kayan zaure ko gareji, an rufe ƙofar cikin gida. Wanda ya zo sayen kujera ba shi da dalilin ganin inda talabijin ɗinki take, ko ƙofar da ke ɓullewa ta baya. Ki sa lokacin da hantsi ko bayan azahar, sa'ad da maƙwabta ke kai da komowa. In ya ce sai bayan magariba zai samu sarari, a bari sai gobe.

Ki kula da bakinki a waya. "Ai maigidan ba ya gari" magana ce da ke fita ba a shirya ba, musamman idan ana jan farashi aka ce bari a yi shawara da shi. Mai saye na gaskiya tambayarsa a kan kaya take: shekara nawa firij ɗin, yana ƙanƙara, an taɓa yi masa ɗurin gas? Wanda ya koma tambayar ko ke kaɗai ce a gidan, ko yaushe Alhaji ke dawowa, ba firij yake nema ba. Ki kuma sake duba hotunan da kika saka, ko lambar gida, ko get, ko lambar mota ta fito a ciki.

Ki tambaye shi tun da wuri mutum nawa za su zo ɗauka, kuma da wace mota. In a-kori-kura ce, ƙanin naki ya ɗauki hoton lambarta ya tura wa maigidan, a gaban idonsu. Wanda ya zo da zuciya ɗaya ba zai ji haushin wannan ba. In wani cikinsu ya nemi shiga ciki ya kama ruwa, a nuna masa masallacin unguwa. Na san wannan yana da nauyi a wurinmu, domin an tashe mu da girmama baƙo, kuma kara ba ta barin mu mu ce a'a. To wannan karar ce ɓarawo ke dogaro da ita. Wanda ya zo ciniki haƙƙinsa a kanki shi ne kaya mai kyau da gaskiya a farashi, shiga tsakar gida ba ya ciki.

In babu namijin da zai tsaya miki, ki nemi dillaliyar unguwa. Za ta cire la'adarta, kuɗin zai ragu kaɗan, amma an san gidanta, ita ma ta san masu saye. A halin da kike ciki, ni wannan na fi zaɓar miki.

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Kano, ina so in sayar da wayata in ƙara kuɗi in sayi kwamfuta. Masu tayawa duk taransifa suke cewa za su yi. Abokina ya taɓa ba da waya bayan ya ga alat, ashe na bogi ne. Yaya zan kauce wa haka?

Ƙanena, tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira, taransifa ta zama ruwan dare, macuta kuma suka bi ta nan. Saƙon tes da ke shigowa da sunan banki ana iya ƙirƙirarsa. Hoton rasit da zai nuna maka a wayarsa, shi ma ana iya gyara shi cikin ɗan lokaci. Hujja ɗaya ce tak: ka buɗe manhajar bankinka a wayarka, ko ka danna lambar duba asusu, ka ga kuɗin ya hau kan abin da kake da shi. In asusun a kan wayar da za ka sayar yake, ka mayar da layin kan wata wayar kafin ka fito.

Za ka ji ya ce, "Wallahi an cire min, matsalar netwok ce, zai shigo," yana duba agogo, mai adaidaita sahu na jiransa. Wani lokacin gaskiya ne, kuɗi kan maƙale. Amsar dai ba ta canzawa: "Ba komai, mu zauna mu jira." Ko ku taka wurin mai POS ya ciro maka tsaba, ka ƙirga a wurin, kana duba 'yan dubu-dubu da ɗari biyar-biyar ɗin da kyau. Rantsuwa da gaggawa su ne jarin mai alat na bogi, da ya ga ka gyara zama, shi da kansa zai nemi hanya.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan muni, domin a cikinta kuɗin gaske ne ke shigowa. Macucin zai kwafi hotunan wayarka ya saka ta a wani shafin a matsayin tasa, da farashi mai sauƙi. Wani bawan Allah ya taya, sai macucin ya tura masa lambar asusunka, wadda ya karɓa a wurinka da sunan shi zai saya. Kuɗi ya shigo maka, macucin ya zo ya karɓi waya ya ɓace. Wancan da ya biya bai ga kaya ba, ya kai ƙara, sunanka ne a rasit, asusunka za a iya rufewa, kai za a nema. Saboda haka ka duba sunan wanda ya turo, ya zo daidai da na katin shaidar mutumin da ke gabanka. "Yayana ne ya turo" ba ta wadatar ba, a kira yayan ka ji daga bakinsa abin da ya biya kuɗin dominsa. Haka nan wanda ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da kima, ka mayar da ragowar wani asusun daban, kada ka taɓa kuɗin sai ka yi magana da bankinka.

Wurin haɗuwa kuwa, kana Kano ka huta. Ku haɗu a kasuwar wayoyi ta Farm Centre, a shagon wani da ka sani, inda za a gwada wayar a gaban mutane. Kada ka miƙa ta ga wanda ke zaune kan babur injin na aiki. Kafin ka ba da ita, ka fita daga asusun Google ko iCloud, ka cire layi da memori, ka goge komai ta koma yadda ta fito daga kamfani. Ka danna *#06# ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar da za ta fito, a takarda tare da suna da sa hannun ku biyu, kowa ya riƙe kwafi. In kuma wani mai tayawa ya ce an turo maka lambobi shida ta tes, ka karanto masa don ya tabbatar kai ne, WhatsApp ɗinka yake son ƙwacewa. Ka toshe shi.

Tambaya: Zan sayar da babur ɗina. Mai saye ya ce sai ya ɗana ya ji lafiyar injin. Ina tsoron ya wuce da shi, ina kuma jin kunyar hana shi.

Malam, yana da haƙƙin gwadawa, kai ma kana da haƙƙin kafa sharaɗi. Ku haɗu a garejin bakanike da kuka yarda da shi, ya duba injin a nan. In sai ya hau, ya fara ajiye kuɗin gaba ɗaya a hannun mai garejin, ba waya ko katin shaida ba, domin ana barin waɗannan a gudu. Kada ka hau bayansa ku tafi zagaye, ba ka san inda zai karkata da kai ba.

Takardun babur na asali su zauna a aljihunka har kuɗi ya tabbata. Sannan a rubuta takardar ciniki da kwanan wata, lambar babur, lambar inji da ta firam, da shaidu daga ɓangarorin biyu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaida idan an yi ciniki, don haka babu abin jin kunya a neman su. Amfanin takardar yana fitowa ne ranar da aka tsinci babur ɗin a wurin wani laifi, 'yan sanda suka bi rajista suka iso ƙofarka.

In ana saura kaɗan ku haɗu ya bugo ya ce ka same shi a wani wurin da ba ka sani ba, ka fasa cinikin. Ka ajiye duk saƙonnin da kuka yi da lambar wayarsa, ko da ciniki ya tafi lafiya, kuma ka gaya wa wani a gida inda za ka da lokacin da za a ji daga gare ka.