Manhajata tana aiki amma na kasa karanta ta: ta ina zan fara gyara?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Tawa. Na rubuta wa kawuna ƙaramar manhaja da Python don lissafin cinikin shagonsa, tana kuwa aiki, sai dai duk lissafin yana cikin fankshan guda (wato gungun layukan kod mai suna ɗaya) mai tsawon gaske, sunaye kuma irin su x da t2 ne. Yanzu ni kaina ba na gane abin da na rubuta, ina kuma tsoron taɓa shi. Editan rubuta kod na VS Code nake amfani da shi.

Amsa: Ɗan'uwa, aikin da ke gabanka shi ne sake fasalin kod, kuma sharaɗinsa guda ne: tsarin rubutun ya canza, amma sakamakon lissafin kada ya motsa ko da dala ɗaya. Saboda haka, kafin ka taɓa layi ko ɗaya, ka ajiye aikin yadda yake a cikin Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, sannan ka ɗauki wasu rasit na shagon da ka san jimillarsu, ka rubuta ƙananan gwaje-gwaje da pytest (kayan gwajin kod na Python) waɗanda za su tabbatar da cewa manhajar tana fitar da wannan jimilla. Duk lokacin da ka yi gyara, ka sake gudanar da su.

Ka fara da sunaye, domin a nan ne riba ta fi yawa, haɗari kuma ya fi ƙanƙanta. Ka ɗora alamar rubutu a kan t2, ka danna F2 (a wasu kwamfutocin hannu sai ka haɗa da Fn), ka rubuta sabon suna, misali jimillar_ciniki. Editan zai canza sunan ne kawai a wuraren da yake nufin wannan abu, saɓanin nema da musanyawa na gama-gari, wanda zai iya shafar kowane x da ya tarar, har wanda ke tsakiyar wata kalma. Amma ka sani cewa ba ya ganin sunan da ke cikin jimlar SQL (harshen tambayar rumbun bayanai) ko wani rubutu da aka sa tsakanin alamun zance. Waɗannan sai ka bi su da ido. Python 3 yana karɓar ƙ da ɗ a cikin sunaye, ko da yake ni na fi son a guje su saboda wahalar buga su. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka tsaya a kan harshe guda, kada sunan Faransanci irin montant ya zauna kusa da kudin_shiga a fayil ɗaya.

Sai alƙaluman da ba su da bayani. Idan 0.19 ya bayyana a wurare da dama, ka ba shi suna HARAJIN_TVA a saman fayil, tunda TVA, harajin da ake ɗorawa kan kayan sayarwa, a Nijar kashi 19 cikin 100 ne, kuma ran da aka sauya shi wuri guda za ka gyara.

Dogon fankshan ɗin shi ne na ƙarshe. Ka zaɓi layukan da ke yin aiki guda, misali lissafin rangwame, ka danna Ctrl+Shift+R, ka fitar da su zuwa fankshan mai zaman kansa. Idan ka kasa samar masa gajeren suna, alama ce ta cewa ayyuka biyu ka haɗa.

Tana yiwuwa ka gano kuskuren lissafi kana cikin wannan aiki. Ka rubuta shi a gefe, ka kammala gyaran fasalin ka ajiye a Git, sannan ka gyara kuskuren shi kaɗai, domin idan jimillar kawunka ta canza ka san takamaiman gyaran da ya jawo hakan.