Kafin ka biya inshora, ina rasit ɗin kyamararka?

Tambaya: Ni mai ɗaukar hoto da bidiyo ne a Kano, zaman kaina nake yi, sai yara biyu da nake ɗauka ranar biki. Watan jiya aka sace mini kyamara ɗaya a wajen kamu. Ɗan kawuna ya ce in ba shi naira dubu 60 a hannu ya yi wa sauran kayan inshora, ya san mutane. Shi ya sayo mini kayan daga Dubai a 2021, kusan na miliyan 3, bai ba ni rasit ba. Ina so in gama da wannan in ci bashi in sayi jirgin ɗaukar hoto guda biyu, bana nake son zama babban kamfani. Me ka gani?

Amsa: Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Maganar jirgi biyu da babban kamfani, ajiye ta tukuna. Wanda bai iya nuna shaidar kayan da ke hannunsa ba, bashi ba abin da zai ƙara masa sai ciwon kai.

Matsalarka ɗaya ce, kuma ta bayyana sau biyu a cikin wasiƙarka: komai naka a baki yake. An sayo kaya ba rasit. Yanzu kuma za a karɓi kuɗi a hannu, ba takarda. Ban ce ɗan kawunka macuci ba ne, wataƙila taimakonka yake son yi da zuciya ɗaya. Amma ranar da za ka je neman diyya, kamfani ba zai tambaye ka wane ne ɗan kawunka ba. Zai ce kawo shaidar mallaka, kawo lambar da ke jikin kyamarar, kawo rahoton 'yan sanda, in gobara ce kawo na hukumar kashe gobara. Kyamarar da aka sace maka, ka san lambarta? In ba ka sani ba, ko da kana da inshora a ranar, da wuya ka fito da wani abin kirki.

Na taɓa zama da wani mai haɗa bidiyo da ɓarayi suka fasa shagonsa suka kwashe kwamfuta biyu da kyamara. Yana da inshora ta gaskiya, yana biya kan lokaci. Da aka zo tantancewa, kwamfuta ɗaya ce kawai ke da rasit da sunansa. Kyamarar kuwa ya canja ta da sabuwa bai sanar da kamfanin ba, tsohuwar ce a rubuce. Aka biya shi abu ɗaya cikin uku. Ya yi ta cewa an zalunce shi, na ji tausayinsa ƙwarai, amma da na karanta takardar, abin da ya sa wa hannu aka bi.

Sannan wannan miliyan 3 da kake faɗa, farashin 2021 ne. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Kayanka da kuɗin waje ake sayen su, to je kasuwa ka tambayi farashin yau. Akwai wani sharaɗi a yawancin takardun inshorar dukiya da mutane ba sa karantawa: in ka rubuta ƙasa da ainihin darajar kayan, da wannan gwargwadon za a rage maka diyya. A ce kayan na miliyan 8 ne ka rubuta miliyan 4 don kuɗin shekara ya yi sauƙi. Aka sace na miliyan 2. Miliyan 1 za a ba ka, kuma daga ciki a cire kason farko na asarar da aka rubuta cewa kai za ka ɗauka. Araha ba ta ado.

Dubu 60 ɗin nan kar ka miƙa a hannu. Tun Janairun 2013 hukumar kula da inshora ta Najeriya, wato NAICOM, ke tilasta ƙa'idar cewa in kuɗin inshora bai shiga ba, to babu kariya. Ka biya a asusun kamfanin da kansa, ko ta hannun dillalin inshora mai lasisi, ka karɓi rasit da takardar yarjejeniya da sunanka. In ɗan kawunka ya san mutane da gaske, ya raka ka ofishin. In kuma shakkar halacci ce ke damunka, akwai takaful, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, inda ake zuba gudummawa a asusu ɗaya don tallafa wa wanda asara ta afka wa. Su ma takarda za su nema.

Abin da za ka yi a makon nan shi ne ka shimfiɗa kayan gaba ɗaya, ka ɗauki hoton kowanne da lambarsa, ka rubuta farashin yau, ka ajiye kwafi a imel ɗinka. Ka nemi ɗan kawunka ya lalubo rasit ko saƙon biyan kuɗi. In babu, ka tambayi kamfanin wace shaida zai karɓa a madadinsa, kuma ya ba ka amsar a rubuce kafin ka biya. Ka tambaye su ƙarara ko kariyar tana bin kayan zuwa gidan biki, don wata inshorar a cikin shago kawai take aiki, kai kuwa a waje ake yi maka sata. Ka tambaya in kayan na hannun yaronka aka ɗauke, ko an bar su a mota, me suka ce. Yaran nan ma a buɗe musu littafi, duk wanda ya fita da kyamara ya sa hannu.

In ka yi shekara guda kana rubuta abin da ya shigo da wanda ya fita, ka sake rubuto mini mu duba ko cinikinka zai iya ɗaukar jirgi ɗaya.