Birkin da ke ajiye ƙarfi: amsoshin tambayoyinku daga Mile 12, Agege da Idi-Araba

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, ga man gas kuma, wato dizal, da ya riga ya yi tashin gwauron zabo, duk abin da aka ce yana rage wa mota shan mai sai mutane sun kasa kunne. Tambayoyin wannan mako kusan duk a kan abu guda suka zo, wato birkin da ke aiki da man haidirolik, wanda ke tara ƙarfin mota lokacin tsayawa ya mayar mata da shi lokacin tashi. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Malam, ina da tireloli uku da ke ɗauko hatsi da albasa daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas. Zuwa kaɗai sai mota ta sha gas lita 400 ko fiye. Ɗana ya nuna min bidiyon wata babbar mota mai birkin da ke mayar da ƙarfi, kuma wani dillali ya ce zai iya yo min odarsa daga waje a ɗaura min. In saya? Daga wani Alhaji a Mile 12.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka saya. Na'urar gaskiya ce, ba damfara ba, sai dai ba don irin aikinka aka yi ta ba.

Ka san lokacin da direba ya sauko doguwar gangara da lodi, ya faka, yaron mota ya ɗebo ruwa a galan ya watsa wa ƙafar baya, ruwan ya yi cuu, tururi ya tashi, ga ƙaurin birki ya cika wurin. Wannan zafin gas ɗinka ne. Inji ya ƙona mai ya ba motar gudu, birki kuma ya kama gudun ya mayar da shi zafi, iska ta kwashe. Masu wannan na'ura cewa suka yi a tare ƙarfin kafin ya zama zafi. Sai suka haɗa wani famfo da sandar da ke juya ƙafafun baya. Idan direba ya taka birki, ƙafafun ne ke juya famfon, shi kuma ya tura man haidirolik cikin wata tukunya mai kauri da ke ɗauke da iskar naitirojin. Man yana shiga yana matse iskar, wannan matsewar kuma ita ke rage wa motar gudu. Da direba ya taka totur sai a buɗe hanya, iskar da aka matse ta koro man da ƙarfi, ya bi ta famfon nan ya juya ƙafafun, motar ta tashi inji bai wahala ba. Masu ƙera na'urar sun ce ana iya dawo da wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin da birki ke zubarwa.

To amma nawa ne ƙarfin da ake zubarwa a tsayawa ɗaya? Nan ne lissafin yake. Motar da nauyinta ya kai tan 20, tana gudun kilomita 40 a awa, idan ta tsaya cak, abin da ta yi asara bai wuce abin da kashi ɗaya cikin goma na litar gas zai ba ta ba. Ka ga sai an tsaya sau goma kafin a yi maganar lita ɗaya, ita ma ba duka za ta dawo ba. Tukunyar kuma ba ta da ciki. Abin da take riƙewa na tashi ɗaya ne, cikin 'yan daƙiƙu ta juye. Direbanka kuwa zai baro Kano, ya bi Kaduna, Mokwa, Jebba, Ilori, Ogbomosho, Badun, tafiyar wajen kilomita 1,000, kuma yawancin man da yake ƙonawa yana tafiya ne wajen keta iska da jan taya a kan kwalta. Wannan babu tukunyar da za ta dawo da shi. Ko da ya tsaya sau hamsin a shingaye da ramuka, abin da za ka tsira da shi ɗan kaɗan ne a cikin lita 400, ga nauyin na'urar kanta da ya cinye maka wurin buhuna. Kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Na san za ka ce ai akwai gosulo, daga Berger zuwa Ojota kaɗai a taka birki sau ɗari. Gaskiya ne, amma ƙarfin da ke cikin mota ba ya raguwa daidai da gudu, ya fi haka faɗuwa. Idan gudu ya ragu rabi, ƙarfin yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Motar nan mai tan 20 idan tana jan ciki a kilomita 10, abin da za a tara a tsayawarta bai fi cikin cokalin shayi na gas ba. A gosulo, man yana ƙonewa ne mota na tsaye inji na kunne.

Abu ɗaya nake so ka kula da shi wajen dillalin nan. Akwai wata na'ura da ake kira ritada, wadda ke zuwa a jikin giyar wasu kawunan tirela na Turai. Ita ma da mai take aiki, ita ma tana rage gudu ba tare da an taɓa birkin ƙafa ba, shi ya sa ake rikita su. Amma ritada ba ta ajiye komai, zafin take turawa lagireto. Amfaninta shi ne birki ba ya ƙonewa a gangara, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ran direba da na mutanen da ke gabansa. Idan za ka sayi wani kai nan gaba, ka nemi mai ita. Sai dai duk wanda ya ce maka tana mayar da mai, ka riƙe kuɗinka. Abin da zai rage maka gas yau shi ne iskar taya daidai, nozul mai kyau, da direban da ba ya barin inji a kunne ya tafi cin abinci.

Tambaya: Ni da abokin haɗin gwiwata muna da motocin kwashe shara guda biyu, muna aiki a ƙarƙashin LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas, a ɓangaren Agege, muna kai wa juji. Mun ji an ce irin motocinmu ne suka fi dacewa da wannan birki. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya faɗa muku bai yi ƙarya ba. Mota mai nauyi, mai yawan tsayawa da tashi, ita ce ainihin wadda aka ƙera na'urar dominta: motar shara, motar raba kaya gida-gida, da bas ɗin cikin gari. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi shekaru tana gwada ta a baya a ɗakin bincikenta da ke Ann Arbor a jihar Mishigan, kuma a 2006 aka nuna motar raba kaya ta kamfanin UPS mai wannan tsari. A 2012 UPS ya ƙaro guda 40. Kamfanin Parker Hannifin ya yi nasa mai suna RunWise don motocin shara, Bosch Rexroth na Jamus ya yi nasa, Eaton ma haka. Dalilin da ya sa tukunya ta fi batir a wannan aiki shi ne tana iya haɗiye ƙarfi mai yawa nan take, ta kuma amayar nan take, sau dubbai, ba ta gaji ba. Birkin ƙafa ma yana daɗewa sosai tunda an ɗauke masa yawancin aikin.

Duk da haka ina so ku yi abu biyu kafin ku fitar da ko sisi. Na farko, ku sa yaro a gaban mota da littafi da biro tsawon mako ɗaya, ya rubuta sau nawa ake tsayawa a rana, kuma a wane gudu. A Amurka motar shara tana tsayawa a ƙofar kowane gida, hannun ƙarfe ya ɗauki kwandon ya juye, ta yi gaba, sau ɗaruruwa a yini. A layukan Agege na ga yadda ake yi: mota ta tsaya a bakin layi minti goma ko fiye, ma'aikata suna jawo durom da buhuna, inji yana ruri yana danne sharar, sannan a je a bi layi a juji. Idan haka aikinku yake, mafi yawan gas ɗinku a tsaye yake ƙonewa, kuma birki ba shi da abin da zai tara a nan. Ku ɗauki lissafin da na yi wa Alhaji a sama: a gudun kilomita 20, sai an tsaya wajen sau 40 kafin a zubar da ƙarfin lita ɗaya. Littafin yaron zai gaya muku lita nawa ake magana a kai.

Na biyu shi ne kayan gyara, kuma shi ya fi damuna. Eaton ya daina yin nasa tun 2013, hankalin manyan kamfanoni kuma ya koma kan batir da iskar gas. Idan kuka sayo tsohuwar mota mai wannan tsari daga waje, ranar da bawul ɗaya ya lalace ko kwamfutar da ke sarrafa shi ta ƙi, za ku zaga kasuwar kayan mota ta Ladipo tun safe har la'asar ku dawo hannu rabbana. Motar shara da ta kwana uku a gareji kuwa, mutanen unguwa ba za su tambayi dalili ba. Ku ce wa mai sayarwa ya nuna muku bakaniken da ya taɓa buɗe irinta a Legas, da shagon da ke da kayanta a ƙasa. Idan ya fara kame-kame, sayen kifi a ruwa ne.

Tambaya: Ina so in sayi ƙaramar mota ta kai yara makaranta daga Idi-Araba. Akwai mai irin wannan birkin na mai, ko in sayi mai batir? Daga wata Hajiya.

Amsa: Hajiya, babu ƙaramar mota mai tukunyar haidirolik a kasuwa. Kamfanin Peugeot ya nuna wata a 2013 da sunan Hybrid Air, amma aka jingine aikin ba a kai ga sayarwa ba. Abin da za ki samu shi ne mai haɗa inji da batir, irin su Toyota Prius da ta fara fitowa a Japan a 1997, ko Camry mai wannan tsari. Ita ma tana tara ƙarfin birki, a batir maimakon tukunya, kuma tana da abin da ya dace da Legas: idan aka tsaya a gosulo inji yakan kashe kansa. Idan tokumbo ce, kada ki biya sai bakanike mai na'urar duba kwamfuta ya gwada lafiyar babban batirin, ya duba fankar da ke sanyaya shi ko ƙura ta toshe ta, ya kuma ɗaga kafet ya ga ko motar ta taɓa shan ruwa. Da damina kuma kada ki kutsa da ita cikin ambaliya.

Tambaya: Ni yaron gareji ne, shekarata uku ina koyon gyaran katafila. Na samu tsohuwar tukunyar haidirolik da famfo, ina so in haɗa su a jikin keke Maruwa in gwada. Mai walda na kusa da mu ya ce zai cika min ita da iskarsa. Me ka gani?

Amsa: Ƙanena, na ji daɗin wannan tambaya, domin irin tunaninka ne ya haifar da na'urar tun farko. Amma don Allah kada ka bari a sa iskar walda a tukunyar nan. Iskar mai walda oksijin ce, kuma oksijin idan ta haɗu da mai a ƙarƙashin matsi mai ƙarfi fashewa take yi, ba sai an kawo ashana ba. Iskar mai faci ma ba ta halatta ba, tunda akwai oksijin a cikinta. Naitirojin zalla ake sa wa, saboda ba ta kama wuta.

Ka kuma san da abin da kake wasa. Mai faci yana ba tayar tirela iska 110 zuwa 120 a ma'auninsa, kuma ka san ɓarnar da take yi idan ta fashe. Tukunyar irin wannan birki tana kai 5,000 a wannan ma'aunin. Ko an kashe inji, matsin yana nan a ciki har sai an sauke shi. Idan tiyo ya yi huji kamar bakin allura, man da ke fitowa yana iya huda fata ya shige cikin nama. A ido za ka ga ɗan ɗigo kamar cizon sauro, amma idan ba a yi aiki a asibiti cikin 'yan awoyi ba ana iya rasa yatsa ko hannu. Saboda haka ba a laluben yoyo da hannu, kwali ake karawa. Tsohuwar tukunyar da ba ka san tarihinta ba, mai tsatsa ko alamar walda a jiki, ba a cika ta ko kaɗan.

Keken kansa ba zai ba ka abin da kake nema ba. Da shi da fasinjojinsa ba su kai tan ɗaya ba, don haka ƙarfin da za ka tara bai kai nauyin ƙarfen da za ka ɗora masa ba. Idan kana son ka ga yadda abin ke aiki, ka haɗa shi a kan benci da matsi kaɗan, da ma'auni, da bawul ɗin da ke sakin mai idan matsi ya wuce iyaka, maigidanka yana tsaye a wurin. Ka nuna masa wannan amsa kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka kuma rubuto min abin da ma'aunin ya nuna.