Haƙorin ƙurya mai lanƙwasasshiyar saiwa: a yi aiki ko a kai wa mai fizgewa?

Tambaya: Malam, shekaruna 24, ina unguwar Birni a Damagaram. Turmin haƙorina na ƙarshe, na ƙasa, ya maƙale cikin dasashi, kumatu ya kumbura. Likitan haƙori ya ce saiwarsa ta lanƙwashe, sai na yi babban hoto an yi mini aiki. Kawuna kuma ya ce akwai mai cirewa da araha kusa da kasuwar Dole. Wanne zan bi?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi. Ki ba kawu haƙuri, wannan ba haƙorin fizga ba ne. Saiwar da ta lanƙwashe kamar ƙugiya ta riƙe ƙashin muƙamuƙi. Aka ja da ƙarfi, kan ya fito, guntun ya karye a ciki, kuɗin da aka guje wa a biya shi ninki. Balle kayan aikin da ba a dafa ba, da ke iya ɗauko miki ciwon hanta.

Kuɗin hoton nan, wanda muke ce wa radiyo, kada ki ji ƙyashinsa. A ƙarƙashin turamen ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji. Hoton ne zai nuna wa likita kusancinta da saiwar. In aka taɓa ta, leɓe kan daina jin taɓawa na makonni, wani lokaci ma ya daɗe.

Aikin kansa ba abin tsoro ba ne. Allura za a yi a kashe wurin, a tsaga dasashi, a rage ɗan ƙashi, a raba haƙorin gida biyu ko uku, a zaro kowace saiwa ta bin lanƙwasarta, a ɗinke. Kafin ki biya, ki tambaya ko kuɗin ya haɗa da cire zare bayan mako guda. In ba su da kayan aikin, su tura ki babban asibitin Damagaram.

Ranar da aka yi aikin ki cije audugar da aka sa miki a wurin minti 30, ban da kurkure baki, ban da kunu mai zafi. Washegari ruwan ɗumi da gishiri, a hankali. Maganin da aka rubuta ki saye shi a farmasi, ba wajen masu yawo da shi cikin rana ba, kuma ki bar asfirin, yana sa jini ya ƙi tsayawa.

In zazzaɓi ya zo, ko haɗiya ta gagara, ko kumburin ya gangara wuya, ki tafi asibiti ko da tsakar dare ne.