Hukuncin ɗinka wa yara kayan sanyi da fata da gashin roba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni tela ce a nan Tudun Wada, ganin sanyi ya kusa shigowa nake so in fara ɗinka wa yara jaket da huluna da ɗan takalmin jarirai. Na sayo wani yadi mai gashi-gashi kamar na dabba amma an ce min roba ne, sannan ina tsintar tsofaffin jaket na fata a gwanjon Kasuwar Barci in farke in yanka. To maƙwabciyata ta ce wai haramun ne, gashin damisa ne kuma fatar ta mushe ce. Dan Allah meye gaskiya, kar in ci haram.

Amsa: Wa alaikumus salam malama, Allah ya sa albarka a sana'a.

Shi wannan yadin mai gashi ki kwantar da hankalinki, zare ne na roba irin su foliyesta da ake samu daga man fetur, bai taɓa zama a jikin wata dabba ba, don haka tsarkakakke ne ko da an yi masa zanen damisa. Hanin da ya zo a hadisin Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i game da fatun namun dawa masu farauta, akan fatar gaske ne. In kina shakka ki tsinko gashi kaɗan ki kai bakin ashana, na gaske zai yi ƙaurin babbakar kan rago ya zama toka, na roba kuwa narkewa zai yi ya dunƙule kamar leda. Haka fatar roba ma, in kika juya bayanta za ki ga saƙar yadi.

Inda maganar take shi ne fatar gaske. Wadda aka yanka dabbarta yankan Musulunci, saniya ko tunkiya ko jar akuyar Sakkwato da majemanmu ke jemewa da bagaruwa, babu wani malami da ya yi saɓani a kanta. Amma jaket ɗin da ta fito daga dilar gwanjo ba mu san wa ya yanka ba, ba mu ma san ko an yanka ba, to nan sai mu ɗauka a mafi muni mushe ce mu ga me aka ce. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya ce idan aka jeme fata to ta tsarkaka, kuma da ya ga mushen akuyar baiwar matarsa Maimuna an yar cewa ya yi me ya hana ku cire fatar ku amfana da ita, ai cin naman ne aka haramta. Da wannan Hanafawa suka ce jima na tsarkake kowace fatar dabba banda ta alade, Shafi'awa suka ƙara da ta kare.

Mu kuma a mazhabarmu ta Malikiyya, wanda duk ya yi Risala a zaure ya san an ce ba laifi a amfana da fatar mushe in an jeme ta, amma ba a sallah a kanta kuma ba a sayar da ita. Wannan shi ne mashhuri, wato ra'ayin da ya fi shahara a mazhabar, kuma ina jin daga nan maƙwabciyarki ta tsinci rabin zancen. Sai dai akwai wata ruwayar daga Imam Malik kansa da ta dace da ta Shafi'i, kuma ni abin da na fi natsuwa da shi kenan saboda lafazin hadisin a fili yake. Don haka in fatar saniya ce ko tunkiya ko akuya kuma jemammiya ce, ki ɗinka ki sayar, uwa ma ta yi sallah da yaronta goye a baya yana sanye da ita ba komai. Wanda kuma ya zaɓi tsantseni ya tsaya kan mashhuri ba za a zarge shi ba.

Alade ne dai babu sassauci a mazhabobin nan huɗu, kuma ana samun fatarsa sosai a kayan Turai, musamman safar hannu da shafin cikin takalmi. Ki duba tambarin wuya tukuna, in ya goge ki kai fatar hasken rana ki ƙura ido, ta alade ƙofofin gashinta uku-uku suke a haɗe kamar duwatsun murhu. Kin ga haka ki ajiye, ko da kuwa kin riga kin biya kuɗi. In ba ki ga alama ba kada ki sa wa kanki waswasi, ba a ɗora miki binciken mahautar Jamus ba.

Hular nan mai kunnen zomo da iyaye ke so, kunnuwa kawai ba cikakkiyar sura ba ce, kuma an yi sauƙi a kayan yara tunda Nana A'isha ta yi wasa da 'yartsana a gidan Annabi (SAW).

Abu biyu ne na fi ji miki tsoro fiye da wanda kika tambaya. Kada ki sayar da roba da sunan fata don ki ƙara kuɗi, algus ne, kuma hadisin Muslim ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Sannan gashin roba wuta yake kamawa da sauri ya narke ya manne a jiki, ga shi a Disamba da Janairu kowane tsakar gida da kaskon gawayi yara sun kewaye suna jin ɗumi. Ki riƙa faɗa wa iyaye wannan lokacin da suke karɓar kaya, ki sa shafin auduga daga ciki, na jarirai kuma kada ki sa gashin kusa da hanci da baki.

Wallahu a'alam.