Intanet a Karkara: Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Malam, a ƙauye nake zaune, intanet sai ya zo ya ɗauke. Me zan saya?

Amsa: Kada ka sayi komai tukuna. Ka ari layukan kamfanoni daban-daban, ka gwada kowanne da safe da kuma bayan magariba, lokacin da jama'a ke cunkushe turken sadarwa. Sandunan sabis na saman waya suna yaudara. Shiga saitin waya ka duba ƙarfin sigina. A 4G, -90 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina) yana da kyau, -110 kuwa ya yi rauni.

Idan rauni ne matsalar, nemi na'urar raba intanet mai cin layi, wadda ke karɓar eriya ta waje. Ɗaga eriyar sama da rufi, ka fuskantar da ita ga turken, kana juyawa kaɗan-kaɗan kana duba lambar. Kebul ɗin da ke haɗa eriyar da na'urar kada ya wuce mita biyar zuwa goma, domin tsawonsa na cinye sigina. Ka sa wayar ƙarfe ta haɗa sandar da ke ɗauke da eriyar da ƙasa saboda tsawa.

In cunkoso ne, wato sigina na da ƙarfi amma intanet na rarrafe bayan magariba, eriya ba za ta yi magani ba, canza kamfani. Inda babu turke sam, sai tauraron ɗan'adam irin Starlink, amma yana son sararin sama ba itatuwa, da tsayayyiyar wuta.